Yadda Ake Shirya Gida Kafin Guguwa Da Ruwan Damina A Maradi

Ba mu da teku a Maradi, don haka mahaukaciyar guguwar da ke rusa garuruwan gaɓar Amurka ba ta iso mu. Amma da yawan irin waɗannan guguwowi daga hadarin da ke ratsa Sahel zuwa yamma suke samo asali, wato wanda ke wucewa ta kanmu. Mun kuma san aikinsa. A 1945 Gulbi ya cinye tsohon gari har aka hauro tudu. Ranar 30 ga Agusta 2024 an sheƙa ruwa kusan milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi, gidaje suka zube, aka yi asarar rayuka.

Ka fara tun watan Mayu, kuma ka fara da gindin katanga. Ɗakin ƙasa ba daga sama ya fi mutuwa ba, daga ƙasa ne: ruwa ya kwanta a gindinsa, tubali ya jiƙa, sai ya zauna da dare mutane na barci. Zagaya gidan, ka sa yatsa a duk inda gishiri ya ci. In ƙasa na zubowa kamar gari, a sake yaɓe, a yi masa dakali mai gangare don ruwa ya gudu. Ina roƙon magidanta kada su tsallake wannan, ko da kuɗin buhun siminti ɗaya ne a hannu.

Daga nan sai rufi. Hau ka duba ƙusoshin kwano, musamman ta gabas inda iska ke bugowa. Ɗaure azara da waya a jikin gini. Duwatsun da muke jerawa bisa kwano suna taimakawa, amma in iska ta yi ƙarfi su ne ke faɗowa kan yara. Mai soro ya yashe indararo, ya toshe tsaga. A sare rassan dogon yaro da suka rankwafo kan ɗaki.

Kwata aikin unguwa ce. Ku haɗu da maƙwabta ku kwashe leda da yashi, domin ruwan da ya rasa hanya ɗakin wani zai nema.

Takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa da takardar fili a naɗe su cikin leda biyu, a rataye sama tare da tocila, magunguna da gidan sauro. Buhunan gero a ɗora kan katako. Sannan ku yanke shawara da uwargida tun yanzu: gidan wa za a nufa a tudu, wa zai goya jariri, wa zai riƙe hannun tsohuwa.

Ranar da gabas ta yi ja, shigo da yara, kwance dabbobi daga ƙarƙashin katanga, cika wayarka da caji. In ruwa ya fara shiga ɗaki, kashe wuta daga mita, ku fita, kada ka tsaya kwasar kaya. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa na iya kayar da ƙato, balle yaro, kuma babur ba ya tsallake shi. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce.

Bayan an ɗauke, kar a koma ɗakin da ya tsage sai magini ya duba, ko da rana ta fito. Ruwan rijiyar da ambaliya ta shiga ya gauraya da na masai, a tafasa shi kafin a ba kowa.