Yadda ake shirya yawon yini guda daga Cape Town zuwa Stellenbosch da Franschhoek: tarihi da safe, gonar inabi da rana

Kusan duk kamfanin yawon buɗe ido a Cape Town yana sayar da tafiyar yini guda zuwa gonakin inabin da ke gabas da birnin, inda ake haɗa ganin wuraren tarihi da ɗanɗana giyar inabi. Abu biyu ne suka fi lalata wannan tafiya: cusa wurare fiye da abin da yini zai ɗauka, da rashin tambaya tun farko wa ke sha, wa ba ya sha. Bayanin nan na wanda zai shirya wa ayari ne, kamar mutum shida zuwa goma sha biyu a ƙaramar bas, ko 'yan taro da suka samu ranar hutu, ko iyali.

Abin da za ka gama kafin ranar

Fara da tambayar sha, kuma ka yi ta ga kowa shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. A ayarin Hausawa yawanci Musulmi ne suka fi yawa, su kuwa ba dukansu matsayinsu ɗaya ba. Wani zai shiga gonar ya ga gine-gine, ya sha ruwan inabi zalla a teburi ɗaya da masu ɗanɗanawa. Wani ba zai zauna teburin da ake zuba giya ba ko kusa. Wani ma ƙafarsa ba za ta taka gonar ba. Sai ka san wannan ne za ka san gonar da za ka zaɓa. Idan marasa sha sun fi yawa, nemi gona mai tsohon gida, da lambu, da kantin kayan gona, don kada su yi zaman jira a mota. Boschendal da Vergelegen irin waɗannan ne. Idan kuwa babu mai sha ko ɗaya, cire ɗanɗanawar gaba ɗaya, tarihin yankin ya ishe ku yini.

Sai ja-gora da direba. Dokar yawon buɗe ido ta Afirka ta Kudu ta 2014 ta wajabta wa ja-gora yin rajista, kuma mai rajista yana da baje da katin shaida. Nemi ka gani. Direban da ke ɗaukar fasinja don kuɗi yana buƙatar takardar izini ta musamman da ake kira PrDP. Iyakar barasa a jini ga direba na gama-gari giram 0.05 ce a mililita 100, ga direban haya kuma 0.02. Ma'anar wannan a aikace ita ce direbanku ba zai kurɓi komai ba. Kada ka yarda da shirin da wani cikin ayarin zai ja motar haya yana cewa zai ɗan taɓa kawai.

Kira kowace gona ka kama wuri, ka faɗi adadinku, da adadin masu ɗanɗanawa, da ko akwai yara; ba a zuba wa wanda bai kai shekara 18 ba. Kuɗin ɗanɗanawa kan kowane mutum ake biya, wasu gonakin kan yafe shi ga wanda ya sayi kwalabe. Tambayi lokacin da suke daina karɓar baƙi, domin da yawa sukan rufe wajen ƙarfe huɗu da rabi zuwa biyar, wasu kuma ba sa buɗewa ranar Lahadi.

Gona biyu sun isa. Uku ita ce iyaka.

Ga lissafin da ya sa. A zama ɗaya akan kawo kala biyar ko shida, kowace zubawa mililita 30 zuwa 50. Kala biyar a mililita 40 sun ba da 200. Gona uku sun kai 600, kwalba kuwa 750 ce, ƙarfin barasarta kashi 12 zuwa 14 da ɗoriya cikin ɗari. Wanda ya shanye duk abin da aka zuba masa a gona uku ya kusa gamawa da kwalba guda, cikin rana, ba zai ji ko kalma ɗaya daga bakin ja-gora ba bayan la'asar.

Groot Constantia, gonar da Simon van der Stel, shugaban mulkin Holan a Cape, ya kafa a 1685, ta cancanci ziyara, amma tana kudu da birnin ne, ba kan wannan hanya ba. Ware mata rabin wani yinin.

Safiya: Macassar da Stellenbosch

Ku bar gari da ƙarfe takwas ta titin N2. Cunkoson safe cikin birni yake shiga, ku kuwa fita kuke yi. A sha mai, a zaga bayi kafin tashi, don ba a son tsayawa a gefen wannan titi.

Zangon farko da yawancin kamfanoni ke tsallakewa shi ne hubbaren Shaihu Yusuf a Macassar, kusa da inda kogin Eerste ke faɗawa teku. Malami ne daga Makassar ta Indunusiya ta yau, wanda kamfanin cinikin Holan na gabas ya koro zuwa nan a 1694 saboda ya yi musu turjiya. Aka ajiye shi a gonar Zandvliet, nesa da gari, don kada ya yi tasiri a kan bayi. A nan ya rasu a 1699. Musulmin Cape suna ɗaukarsa cikin waɗanda suka dasa Musulunci a ƙasar. Minti talatin sun isa. Ana cire takalmi, ana shiga da sutura ta mutunci, mata su rufe kai. Dalilin sa shi a farko a fili yake: ba a zuwa irin wannan wuri bayan an sha.

Daga nan ku bi R310 zuwa Stellenbosch, wanda ke da nisan kilomita 50 daga Cape Town. Van der Stel ne ya kafa garin a 1679, shi ne na biyu a tsufa cikin garuruwan da Turawa suka kafa a ƙasar. A ajiye mota, a taka da ƙafa. Titin Dorp yana ƙarƙashin inuwar tsofaffin itatuwan oak, gidajen farare ne fat, masu rufin ciyawa da doguwar goshi mai lanƙwasa a saman ƙofa. A nuna wa baƙi wannan goshin da kyau: sau da yawa shekarar gini tana rubuce a jiki, kuma yawancin hannayen da suka yi ginin na bayi ne da aka kawo daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indunusiya.

Inda ya kamata ku daɗe shi ne gidan tarihi na Village Museum a titin Ryneveld. Gidaje huɗu ne, kowanne an shirya shi da kayan zamaninsa. Schreuderhuis na 1709 ya tsira daga gobarar da ta ci garin a 1710; ɗakunansa ƙanana ne, rufin a ƙasa-ƙasa, ganyaye da albasa a rataye a jikin azara. Blettermanhuis na 1789 gidan mai hali ne. Sai Grosvenor House da gidan Bergh, da ke nuna yadda salon Ingila ya shigo bayan mulki ya koma hannun Turawan Birtaniya. Ku bi su bisa tsarin shekaru, ku ba su awa ɗaya cur. Ja-goran kirki ba zai tsaya kan kujeru da agogon bango ba, zai faɗi inda bayi ke kwana da wanda ke ɗebo ruwa.

Akwai masallaci a titin Banhoek, a tsohuwar unguwar Die Vlakte da gwamnatin wariyar launin fata ta kori mazaunanta. Azahar a wannan yanki tana shiga wajen ƙarfe ɗaya saura, don haka a tsara ko a yi salla a nan kafin a wuce, ko a tanadi wuri a gonar da za a ci abinci. Idan Juma'a ce, gina dukan shirin a kan lokacin huɗuba.

Zaman ɗanɗanawa

Ɗanɗanawar farko ta zo wajen sha ɗaya da rabi, kuma kowa ya ci wani abu mai nauyi da safe. Ciki wayam shi ke sa barasa ta hau kai da wuri.

Ana bin tsari ne daga mara nauyi zuwa mai nauyi: mai kumfa, fara, mai ruwan hoda, ja, sannan mai zaƙi a ƙarshe. In aka juya tsarin, ɗacin jar zai dafe harshe, farar da ta biyo baya ta zama salam. Fara ana kawo ta da sanyi, digiri 8 zuwa 12, ja kuma 16 zuwa 18. Ana riƙe kofin ta siririyar ƙafarsa don kada ɗumin hannu ya ɗumama abin da ke ciki. A duba launi a kan farin abu, a juya kofin a hankali a kan tebur don ƙanshi ya tashi, a shinshina, a kurɓi kaɗan a zagaya da shi cikin baki, sannan a tofar a mazubin da aka ajiye don haka. Tofarwa ba rashin ladabi ba ce, ma'aikatan gonar kansu haka suke yi. A sha ruwa tsakanin kala da kala.

Kala uku ne suka fi bayyana wannan ƙasa. Chenin Blanc ita ce inabin da aka fi shukawa. Pinotage a Stellenbosch aka haife ta, a 1925, lokacin da Farfesa Abraham Perold ya auratar da nau'o'in inabi biyu, Pinot Noir da Cinsaut. Cap Classique kuwa mai kumfa ce da ake sake ruɓar da ita a cikin kwalba kamar yadda ake yi a Shamfen ta Faransa. Gonar Simonsig ce ta fara yin ta a 1971.

Abubuwan da kan ɓata zaman ƙanana ne. Turare mai ƙarfi shi ne na farko: mutum ɗaya da ya fesa oud ko ya turara kayansa ya isa ya hana dukan teburin jin ƙanshin komai, don haka a sanar tun daren jiya. Goro, cingam mai na'a-na'a da kofi suna canza ɗanɗano na wani lokaci. Idan giyar ta yi warin jiƙaƙƙen kwali, toshiyar kwalbar ce ta gurɓace da wani sinadari da ake kira TCA. A faɗa wa mai zubawa, zai buɗe wata ba gardama.

Ga marasa sha, a nemi ruwan inabi zalla, fari ko ja, wanda ba a ruɓar ba; a lokacin girbi, daga Janairu zuwa Maris, akan samu ɗanyen inabi irin hanepoot mai zaƙi. A yi hattara da abin da ake tallatawa a matsayin giyar da aka cire wa barasa. Giya ce aka fara yi sannan aka janye barasar, ragowar na iya kaiwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Mai shirya tafiya ya faɗi wannan ƙarara, kowa ya yanke wa kansa.

Rana zuwa yamma

Daga Stellenbosch ku hau mashigin dutsen Helshoogte. Titin yana da kwana da yawa, mai jin jiri a mota ya zauna gaba. A gangare za ku ratsa Pniel, ƙauyen mishan da aka kafa a 1843 don bayin da aka 'yanta, bayan soke bauta a 1834 da ƙarin shekara huɗu na aikin dole. Nan ne wurin da ja-gora zai yi maganar tsarin dop, wato biyan leburorin gona wani ɓangare na ladansu da giya. An haramta shi a 1960 amma ya ci gaba a wasu gonaki shekaru da dama, kuma illarsa ga iyalan leburori ba ta gushe ba. Yawon da ya nuna fararen gidaje ya ɓoye wannan ya ba da rabin labari ne.

Abincin rana a Boschendal ko wata gona kusa, awa ɗaya da kwata. Farantin nama da cuku da ake kawowa tare da giya yawanci akwai naman alade a kai, miya kuma akan dafa ta da giya. Gonakin inabi ba kasafai suke da shaidar halal ba. Mafita biyu ce: a yi odar kifi ko kayan lambu tun da wuri tare da tambayar abin da ke cikin miyar, ko a taho da abinci daga gidan abinci mai shaidar halal ta hukumar MJC ko SANHA a Cape Town, bayan an tabbatar gonar ta yarda a shigo da abincin waje. A gidan abinci ana barin tukuicin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Franschhoek tana gaba kaɗan ta R45. Furotestan Faransa ne suka zauna a kwarin daga 1688, bayan Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ke ba su 'yancin addini a 1685, shi ya sa gonaki ke ɗauke da sunaye irin La Motte da La Provence. Hasumiyar tunawa da su, da aka buɗe a 1948, tana ƙarshen babban titi tare da gidan tarihi. Minti arba'in sun wadatar. Ɗanɗanawa ta biyu ta zo nan wajen ƙarfe uku. Akwai taragon da ke zagaya gonakin kwarin, amma shi kansa yini yake ci, kada a haɗa shi da wannan shiri.

A hanyar komawa ku bi R301 wajen Paarl, ku tsaya minti goma a ƙofar gidan yarin Drakenstein, wanda a da ake kira Victor Verster. Ta nan Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairun 1990, mutum-mutuminsa na tsaye a bakin ƙofar. Har yanzu gidan yari ne mai aiki, a tsaya wajen mutum-mutumin kawai. Daga nan N1 za ta kai ku gari cikin kusan awa ɗaya.

Yanayi yana canza shirin. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi a waɗannan kwaruruka kan haura digiri 35, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen takwas. A tanadi lita ɗaya da rabi na ruwa ga kowane mutum, da hula. Yuni zuwa Agusta ruwan sama ne da sanyi, duhu na shiga kafin shida, sai a rage zango ɗaya.

Kwalaben da aka saya kada su yini a but ɗin mota cikin rana: zafi yana kumbura abin da ke ciki, ya turo toshiya, ɗanɗanon ya koma na dafaffen 'ya'yan itace. A sa su cikin akwatin sanyi, ko a bar sayayya sai gonar ƙarshe. Wanda zai tafi da su gida ya sa su a jakar da ake aunawa, ba ta hannu ba, ya kuma duba dokar inda zai sauka da inda zai yada zango: Saudiyya ta haramta shigo da barasa, haka ma jihohin arewacin Najeriya masu bin shari'a, irin Kano da Zamfara, suna da dokokin da suka hana ta.