Yadda Ake Raya Zaman Safe a Aji da Waya Ɗaya da Ƙaramar Sifika

Mintoci goma sha biyar ɗin nan da ke tsakanin tashi daga asambuli da darasin farko, kiran rajista ne ke cinye su a makarantu da yawa. Malama na kiran suna, na gaba suna amsawa, na baya suna gyangyaɗi ko musayar gyaɗa. Ana iya mayar da wannan lokaci zaman da kowane yaro zai buɗe baki a cikinsa, kuma wayar hannunki da ƙaramar sifika mai Bluetooth sun isa.

Ki fara cire rai da fuskar waya. A ajin da ke da yara sittin ko tamanin, irin waɗanda ake gani a Rigasa da Tudun Wada a Kaduna, in kika ɗaga waya don a kalli bidiyo, layin gaba ne kawai za su gani, sauran kuma su taso da turereniya. Sauti kuwa yana kaiwa har bencin ƙarshe. Saboda haka a kan kunne za ki gina zaman.

Shiri tun daren jiya ake yinsa. Ki yi cajin waya da sifika, don ba a dogara da wutar makaranta. Ki sauke duk abin da za ki kunna, ki tara shi wuri guda. Manhajar Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, tana da darussan firamare har da na Hausa, ana samun abin tsinta a ciki. Kafin ki shiga aji, ki kashe layi da data, kada kiran gida ya faɗo ta sifika yara su samu abin dariya na mako guda. Ki kuma sanar da hedimasta tun farko, kada a ce kina latse-latsen waya a bakin aiki.

Buɗe zaman da gaisuwa. Ajin Kaduna ba ya rasa Bahaushe da Bagwari da Bafulatani da Bayarabe da ɗan Bajju. Ki roƙi iyaye ta WhatsApp su aiko da muryarsu suna gaisuwar safe da harshensu, daƙiƙa goma ta wadatar. Kowace safiya ki kunna guda, yara su maimaita, sannan yaron da aka ji muryar babarsa ya gyara musu furuci. Wanda bai taɓa ɗaga hannu ba sai ki ga ya zama malamin aji.

Daga nan sai wasan "Sautin mene ne wannan?", wanda ni dai na fi yarda da shi. A kan hanyarki ki riƙa ɗaukar sautukan gari: jiniyar jirgin ƙasa a tashar Rigasa, injin markaɗe, mai shayi yana kaɗa ƙwai, ruwan sama a kan kwano, hayaniyar Kasuwar Bacci. Ki kunna sau biyu. Kada ki bari a yi ihun amsa. Kowa ya raɗa wa na kusa da shi tukuna, sai ki zaɓi mutum uku, biyu daga baya. Bayan an gano, ki jefa tambayar da ba ta da amsa ɗaya: "A ina ka taɓa jin wannan? Wa ke wurin?" A nan ne zance ke fitowa, kuma 'yan aji ɗaya da biyu suna koyon sauraro, abin da za su buƙata wajen rarrabe sautin baƙaƙe.

Sai 'yan jaridar aji. Kullum yara biyu, bisa jerin rajista, su ba da labarin minti ɗaya, ki ɗauka a waya, washegari a kunna. Ɗaya ya faɗi abin da ya gani a unguwa, ɗaya ya karanta hasashen yanayi na NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, da kika kwafo masa, ya rubuta ma'aunin zafi a gefen allo. A ƙarshen mako a kwatanta lambobin, a lokacin hunturu ma har gardama ake yi.

In kina son kowa ya amsa tambaya lokaci guda, akwai manhajar Plickers. Ana buga wa kowane yaro kati, ya juya shi zuwa A, B, C ko D, ki haska ajin da kyamarar waya ta tattara amsoshin. Katunan 63 ne kacal, in ajinki ya haura haka sai a haɗa yara bibbiyu.

Muryoyin yara amana ce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta buƙaci amincewar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, don haka ki nemi izininsu, kada ki ɗora komai a Facebook ko TikTok, kuma ki goge abin da kika ɗauka in zango ya ƙare. Kada ki cusa duk waɗannan a rana ɗaya. Gaisuwa da abu guda sun isa, ki sa agogon waya ya buga a minti na goma sha biyu, monita ya ɗauke sifika, ki cike rajista da sauran ukun.