Kurakuran da sababbin mahaya keke ke yi a duwatsunmu, daga hawan Falez zuwa gangaren Koza

Da zarar damina ta ɗauke, sanyi ya fara leƙowa, sai samari su riƙa tare ni a majalisa nan Garwa, a arewacin Kamaru: "Kawu, so muke mu taka keke zuwa Ngaundare," ko kuma "Kawu, Rumsiki muka nufa." In faɗa musu abin da na sani, su ce to, su tafi. Bayan kwana uku sai ka ga an sauke ɗaya daga bayan mota, kekensa a ɗaure kan buhunan masara, shi kuma yana ɗingishi. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Zan fara da wanda ya kwantar da ni, wato hawa dutse da giya mai nauyi. Garwa tana bakin kogin Binuwai, tsayinta daga teku bai wuce mita 200 da ɗoriya ba, Ngaundare kuwa ta haura mita 1,100. Tsakaninsu wajen kilomita 280 ne, kuma kaso mai tsoka na hawan an tara shi wuri guda, bayan ka wuce Mbe, a wurin nan da direbobi ke kira Falez. Hanya ce mai kwana a kan kwana, inda tireloli ke rarrafe suna hayaƙi. Tafiyata ta farko na isa gindinsa ina ji da kaina, kwana biyu ina taka shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba abin da ya dame ni. Na bar kaca a kan babban faranti na gaba, na miƙe tsaye a kan feda kamar mai tseren Sallah, don kawai wasu yara 'yan talla a bakin hanya suna kallona. Ban wuce lanƙwasa huɗu ba numfashi ya ƙare. Maimakon in sauke giya sai na ƙara cije baki, ina danna feda da dukkan nauyina. Can wajen tsakiyar hawan na ji wani abu ya soke ni a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwar dama. Na ƙarasa dai, amma da turi, kuma na yi wata biyu a zaune nake sallah. Har yau in hunturu ya kankama gwiwar nan takan tuna mini da Falez.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, dutse ba a cinsa da ƙarfin cinya, da juyin ƙafa ake cinsa. Yanzu ƙaramin farantina na gaba haƙora 22 ne, babban na baya 34. Da wannan sai ƙafa ta zaga fiye da sau ɗaya kafin taya ta zaga sau ɗaya, kana tafiya kamar hawainiya, amma gwiwa ba ta ɗaukar dukan. Ina son ƙafata ta riƙa zagawa sau 70 zuwa 80 a minti. Ba na ƙirga da agogo, ma'aunina gaisuwa ce: in mutum ya yi mini sallama a hanya na kasa amsawa har in tambaye shi gida da iyali ba tare da haki ba, to na san na zarce, sai in rage. Kuma ka sauya giya tun kafin tudun ya kama ka. In ka bari sai feda ta yi nauyi sannan ka murɗa, kacar na iya tsinkewa ko ta faɗi, ka tsaya cak a tsakiyar kwana da tirela a bayanka. Sassauta ƙafa kaɗan, sauya, sannan ka ci gaba. Wasu abokan tafiyata sun fi son su miƙe tsaye a wurare masu tsauri. Ni a zaune nake hawa, sai dai in miƙe na ɗan lokaci don mazaunai su huta.

Shi kuma mai keken da ba shi da giya, irin Phoenix ɗin nan na kakanninmu, ya sauka ya tura. Mutanen Kapsiki da Mafa da aka haifa a kan duwatsun nan turawa suke yi in sun ɗauko kaya ranar kasuwa, ba wanda ya taɓa yi musu dariya. Kai da ka zo jiya daga gari wa kake jin kunya?

Sirdi ma a duba shi: ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, in ƙafar ta miƙe sosai to tsayin ya yi daidai. Yawancinku ƙasa kuke barinsa don ƙafa ta taɓa ƙasa, wannan ma cin gwiwa ne.

To, hawa gwiwa ya ci mini, amma gangara ce ta kusa kai ni lahira, kuma a nan ne nake jin haushinku ƙwarai, don kowa tambayar hawa yake yi, ban taɓa jin wanda ya tambaye ni yadda ake sauka ba. Shekarun baya, kafin rashin tsaro ya lalata wancan yankin, na taso daga Mokolo zan gangara Koza ta Jingiliya. Duk wanda ya bi hanyar ya san kyanta, gonakin Mafa da aka jera da duwatsu hawa-hawa, da ɗakuna masu tsinin jinka manne a jikin tsauni. Ni kuwa kaya niƙi-niƙi a kariya, tsoro ya sa na damƙe birkin baya tun daga sama ban saki ba. Robar birki tana gogar wili, wili yana ɗaukar zafi, ni ban sani ba. Tif ɗin da ke ciki kuma faci uku gare shi, don rowa ta hana ni sayen sabo. Zafi ya narkar da sholisho, facin ya ɗaga, iska ta fita gaba ɗaya ina tsakiyar kwana. Keke ya yi gabas na yi yamma. Allah Ya sa gefen dutse na faɗa, ba gefen rami ba. Fatar hannuna da ta kafaɗa a can na bar su.

Wani dattijo mai gyaran keke a Koza ne ya duba mini shi. Ya shafa robar birkin, ta yi sulɓi kamar an goge ta da dutsen guga, ya dube ni ya ce, "Yaro, tun daga sama ka riƙe ta, ko?" Na ce, "Eh, Baba." Ya ce, "Birki kamar jaki ne, in ba ka bar shi ya huta ba shi zai kayar da kai." Bai ƙara komai ba, ya karɓi kuɗin aikinsa.

Ga yadda nake sauka yanzu. Birki biyu nake kamawa tare, da ƙarfi, na ɗan lokaci, gudu ya ragu sosai, sannan in saki iska ta sanyaya wili. Kama, saki, kama, saki. Ku daina tsoron birkin gaba, shi ne mai tsayar da keke, na baya ja da ƙasa kawai yake yi. Abin da ke wuntsila mutum shi ne fizgarsa farat ɗaya yana zaune a gaba, don haka ja mazaunanka baya a kan sirdi, ka matsa a hankali. Rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a cikinta ba, balle a hanyar burji mai tsakuwa. A doguwar gangara nakan tsaya in taɓa wili da bayan yatsa, in ya ƙona ni sai in zauna in ci dabino har ya huce. Kuma tif mai faci ba ya hawa dutse da ni, a jaka yake zama na ko-ta-kwana. Sabon tif nawa yake, ɗinkin kafaɗa nawa yake?

Sai ku masu kama bayan tirela a Falez don ta ja ku. Wallahi in na ga ɗana yana wannan sai na karya keken da hannuna. Direba bai san kana nan ba. In ya zo sauya giya motar takan ja baya kaɗan, in birkinta ya ƙi kuma kai ne farkon wanda za ta bi ta kai. Je ka dubi gawarwakin motocin da ke kwance a ramukan wurin, sannan ka zo mu yi magana.

Kaya kuma, kuna ɗiba kamar masu ƙaura. Na taɓa ganin wanda ya ɗauko tukunya da risho da takalma kala uku. Duk kilo ɗaya da ka ɗora, kai za ka hau da shi. Nawa ba ya wuce kilo 12 ban da ruwa, mai nauyin a ƙasa, a raba shi dama da hagu, kaɗan a gaba don kada kan keke ya riƙa ɗagawa a hawa. Jakar goyo a baya kuwa a'a.

Ruwa ne kaɗai ba na yi wa rowa, ko da yake kowace lita kilo guda ce. Daga Ngong zuwa Mbe, inda hanya ke bin gefen gandun dajin Binuwai, garuruwa na da nisa da juna, kuma mayo, wato kogi, da ka gani a taswira da rani yashi ne zalla. Lita biyar nake tashi da ita, in cika duk inda na samu famfo. Gora ɗaya ta ruwan gishiri da sukari ce, irin wanda ake ba yara masu zawo: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Iskar hunturu tana busar da gumi tun kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka rasa komai ba, har jijiyar ƙafa ta ɗaure. Ci ma kada ka jira yunwa, gyaɗa da dabino a aljihu, kana tafe kana jefawa.

Watan Maris zuwa Mayu ba lokacin wannan tafiya ba ne, zafi a Garwa da Marwa yana wuce digiri 40. Ko da sanyi, ana idar da sallar asuba nake kama hanya, ƙarfe 11 ina ƙarƙashin inuwa, sai bayan la'asar in ƙara kaɗan. Kada ka yi lissafin dutse da kilomita. Daga Marwa zuwa Mokolo wajen 80 ne a kwalta, daga Mokolo zuwa Rumsiki wajen 50 ne kawai, amma hamsin ɗin nan sun fi tamanin cin rana. Ka tafi da rigar sanyi, dare a kan tudu ba irin na Garwa ba ne. Katin shaida ya zauna a aljihun gaba saboda shingen jandarmomi. Ka ɗauki wayar birki ɗaya, sifoka uku da famfon da ka gwada a gida, ba wanda ka saya jiya ka jefa jaka ba.

Maganar Koza da na yi, labarin da ne. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako iyaka, ɓangaren Koza, Mora da Kolofata ba wurin yawon keke ba ne, ni kaina ban koma ba. Ko Rumsiki za ka, ka tsaya a Mokolo ka tambayi direbobin tasha da 'yan acaɓa halin da hanya ke ciki a wannan makon, ba na watan jiya ba. In sun ce kada ka wuce, juya kan kekenka ka gangara Marwa, ka kuma tuna ka riƙa sakin birkin nan.