Yadda Ake Rainon Karen Farauta, Daga Kwikwiyo Har Ya Shiga Daji

Da an kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe, za ka fara ganin 'yan farauta suna fita ayari-ayari da gorori da adduna, karnuka na gaba suna jan igiya. A bakin hanya duk karnukan kamar ɗaya suke. Sai an shiga daji ake gane bambanci: wani in ya tayar da zomo sai ya kama, wani ya bi kaɗan ya tsaya yana haki, wani kuma ya kama ya shige sarƙaƙiya da naman, mai shi na ta kira kamar ba da shi ake ba. Wannan bambanci a gida ake gina shi, cikin wata 12 na farko na rayuwar kare. Shi ya sa aka ce ba a kiwon kare ranar farauta.

Zaɓen kwikwiyo

Kafin ka kalli kwikwiyo, tambayi labarin uwarsa wajen waɗanda suka taɓa fita daji da ita. Tana bin sawu? Tana jin kira? Tana da tsoro? Yawancin abin da ke jikinta za ka same shi a jikin 'ya'yanta.

Sannan ka san irin naman da kake nema. In a fili kake farauta, inda zomo da gada ke kwasa da gudu, nemi mai dogayen ƙafafu da zurfin ƙirji da siririn ƙugu, irin karnukan Buzaye na kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, waɗanda da ido suke farauta, gudu kuma sai dai a bar musu. In kuwa gafiya da kurege da damo kake bi a duhuwa da ramuka, karen gida matsakaici mai hanci ya fi maka amfani. Manyan karnukan waje masu yawan gashi, irin waɗanda ake ajiyewa don gadi, zafin dajinmu yana galabaitar da su da wuri, kuma cinsu ya fi aikinsu.

Kada ka raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. A wajen uwa da 'yan'uwansa yake koyon zama da sauran karnuka, kuma karen da bai koyi wannan ba shi ne mai tayar da faɗa a cikin ayari. Ɗauki mai idanu garau, dasashinsa ja-ja, wanda in ka tafa hannu zai matso ya ga mene ne maimakon ya ɓuya.

Rigakafi tun kafin horo

Mafarauta da yawa suna raina wannan mataki, kuma nan ake asarar 'yan kwikwiyo. Akwai cutar da ke sa su amai da zawo mai jini mai ɗoyi, cikin 'yan kwanaki su mutu. Allurar rigakafinta ana fara ta tsakanin mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai kusan mako 16. Kafin ya gama allurar nan kada ka bar shi yana yawo cikin baƙin karnuka.

Allurar ciwon hauka kuwa a wata 3 ake yi, a sabunta duk shekara. Karen farauta ya fi na gida shiga haɗarin wannan cuta, domin yana gamuwa da dila da sauran namun daji da karnukan da ba su da mai su. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin kare ko mutum, babu magani. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin wannan allura, ana kuma samun ta a asibitocin dabbobi. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma a wurare da dama ana yi wa karnuka allurar kyauta a lokacin. Ajiye takardar shaidar, za ta yi maka amfani in za ka yi tafiya da karnuka zuwa wata jiha. In kuma kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti ranar, ko da cizon bai yi zurfi ba.

Maganin tsutsar ciki ana ba kwikwiyo duk mako 2 har ya kai wata 3, sannan duk wata har wata 6, daga nan duk bayan wata 3. Likitan dabbobi ne zai auna masa gwargwadon nauyinsa.

Abinci

Akwai maganar da ta zauna a bakin wasu, wai kare sai da yunwa yake farauta, in ya ƙoshi lalaci yake yi. Wannan magana ta nakasa karnuka masu kyau da yawa. Karen da aka horar da yunwa zai yi gudun farko da zafi, amma ba ya kai hantsi, kuma duk abin da ya kama cikinsa zai fara tunawa kafin ya tuna da kai. Son bin nama a jininsa yake. Abinci shi ne ke ba shi ƙarfin da zai bi har ya cim masa.

Kwikwiyo ɗan wata 2 zuwa 3 yana cin abinci sau 4 a rana, kaɗan-kaɗan. Daga nan zuwa wata 6 a mayar sau 3, bayan haka sau 2. Tuwo da ƙanzo da kunun dusa suna cika ciki, amma su kaɗai ba sa gina tsoka. Dole a haɗa da abin da ya fito daga dabba: kayan ciki da huhu da jini daga kwata, burbushin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen ƙwai, ɗan nono. Kayan kwata a dafa su sosai, domin ɗanyen kayan ciki hanya ce ta tsutsa. Ƙuli-ƙuli da dusar awara suna taimakawa in nama ya yi tsada. A lokacin farauta ka ƙara masa kitse ko ɗan mai a abinci, saboda kitse ne ke riƙe kare a doguwar tafiya.

Ragowar miya mai albasa da yaji da gishiri ba abincin kare ba ce, albasa ma tana lalata masa jini. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke maƙogwaro ko hanji. In za ka ba shi ƙashi, ba shi babban ƙashin saniya da zai yi ta gwaguya ba tare da ya haɗiye ba.

Ga yadda za ka gane ko abincin ya yi daidai: shafa gefen ƙirjinsa. Ya kamata ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin hannunka ba tare da ka danna ba, amma ƙashin baya da na ƙugu kada su fito tsuru-tsuru. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa kullum, a kwanonsa na kansa da ba a haɗawa da na gida. Wurin kwanansa ya zama inuwa, busasshe, da buhu ko tabarma, domin kwikwiyon da ke kwana a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai fitsari ƙuda na yi masa ƙwai, tsutsa ta shiga fatarsa.

Horon gida

Mutum ɗaya ne zai riƙa ba shi abinci da horo, wato kai. Sa masa gajeren suna, ka zaɓi fito guda ɗaya da ba za ka sauya ba. Duk lokacin cin abinci, kira sunan, yi fiton, in ya zo ka ba shi. Cikin 'yan makonni zai haɗa fiton da alheri. Daga nan ka riƙa kiransa yana tsakiyar wasa, in ya bari ya zo ka ba shi ɗan guntun nama ka shafa kansa. Kada ka taɓa kiran kare sannan ka doke shi, ko da ɓarna ya yi. Ranar da ka yi haka ka koya masa cewa zuwa wajenka haɗari ne, kuma zai tuna da wannan darasi a daji, inda ba ka da igiya.

A wata 3 zuwa 4 ka saba masa da igiya a wuya, ya koyi tafiya a gefenka. A wannan lokacin ne kuma za ka riƙa ratsawa da shi cikin kaji da awaki da tumaki. Da ya zabura, ja igiyar ka ce "bari" da kakkausar murya, in ya kau da kai ka yaba masa. Karen da ya ɗanɗana kama akuya ya zama abin rigima tsakaninka da maƙwabta da makiyaya, kuma da wuya ya daina.

Daga wata 4 sai a shiga wasan fata. Ɗaure busasshiyar fatar zomo a doguwar igiya, ja ta a ƙasa ya bi ya cafke. Bari ya ɗan girgiza ta, sannan ka ce "saki", ka miƙa masa guntun nama da ɗaya hannun. Zai buɗe baki don karɓar naman, ka ɗauke fatar. Yi ta maimaitawa har ya zama da jin kalmar yake saki. In ya iya wannan, ja fatar a ƙasa ba ya gani, ka ɓoye ta bayan wani kurmi, ka kawo shi farkon sawun ya sansana ya nemo. Fara da taku kaɗan, kana ƙara nisa da lanƙwasa. Minti 10 da safe, minti 10 da yamma sun isa, kuma ka tsaya tun yana marmari.

Wannan "saki" ya shafi halaccin naman da za ka ci. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo wa mai ita, tare da ambaton sunan Allah. Malamai sun bayyana horarren kare da cewa shi ne wanda in an cuna shi zai tafi, in an tsawatar masa zai tsaya. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim an hana cin abin da ka tarar da wani karen da ba kai ka cuna ba a kansa, tunda ba ka san wanda ya kashe ba. In kuma ka riski dabbar da ranta, sai ka yanka. A farautar taro, inda karnuka da yawa ke rufar wa nama ɗaya, karen da ke saki da an ce ya saki shi ne ke ba ka damar sa wuƙa kafin rai ya fita.

In kuna fita da bindiga, saba masa da ƙara daga nesa sosai yana cin abinci, a riƙa matsowa a hankali cikin kwanaki. Harbi ɗaya a kusa da kunnen kwikwiyo na iya sa shi tsoron bindiga har abada.

Shiga daji

Daga wata 6 ka riƙa yawo da shi a bayan gari, tafin ƙafarsa ya yi kauri, ya san ƙaya da ƙarangiya da warin daji. Wajen wata 8 zuwa 10 sai ka haɗa shi da tsohon kare mai natsuwa da jin kira. Zaɓi malamin da kyau, domin kwikwiyo yana kwaikwayon har da munanan halaye. Fara masa da ƙananan nama, kurege ko zomo. Kada ka bari karonsa na farko ya zama da beguwa ko mugun dawa, rauni ɗaya a wannan shekarun yana karya masa zuciya. Kamun farko, ka dafa masa wani abu daga naman ka ba shi da hannunka. Wunin farauta cikakke kuwa sai ya haura shekara, lokacin da ƙasusuwansa suka gama ƙwari.

Babban abincinsa da yamma ne, a daren da za a fita. Da asuba ɗan kaɗan kawai, domin gudu da cikakken ciki na iya murɗe wa kare mai zurfin ƙirji tumbi. Riƙe masa gorar ruwa tasa. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake sanyaya jiki, kuma a watan Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri. In ka ga harshe ya zazzago, yawu ya yi kauri, yana tangaɗi, kai shi inuwa nan take, ka zuba masa ruwa a ciki da hammata da ƙafafu, ka ba shi ya sha kaɗan-kaɗan. Kada ka saki kare a dajin da aka cinna wa wuta, toka mai zafi tana saɓule tafin ƙafa. Gandun daji irin su Yankari da Falgore da Kamuku da Gashaka-Gumti doka ta hana farauta a cikinsu, ka san iyakarsu ka tsaya nesa.

Masu ɗura wa kare ƙwaya wai don ya yi zafin rai suna rage masa kwana ne, kuma bugaggen kare ba ya jin kira. Yanke kunne da wuƙa a gida shi ma azaba ce da ke jawo zubar jini da ruɓewar rauni.

Bayan an dawo

Kafin ka zauna, duba karenka daga hanci zuwa wutsiya. Buɗe tsakanin yatsu ka cire ƙaya, leƙa cikin kunne da wuya da hammata ka nemo kaska, ka kama ta daf da fata ka ja a hankali don kada kanta ya karye a ciki. Rauni a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi. Kada a shafa masa baƙin mai ko maganin ƙwarin gona don kashe ƙuma da ƙazuwa, guba ce da ke ratsa fata, kuma zai lashe. Maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen yana lalata masa ciki da ƙoda. In ka ga kumburi mai tashi da sauri a fuska ko ƙafa, ka zargi kububuwa ko kasa: kada ka tsaga wurin, kada ka ɗaure tamau, ɗauke shi a hannu ko a babur zuwa wajen likitan dabbobi. Bayan wuni mai wahala ba shi hutun kwana 1 ko 2, kuma in ya ƙi cin abinci ko dasashinsa ya yi fari, kada ka sake fita da shi sai likita ya gan shi.