Yadda na gyara boila mai tofar da ruwa

Boilar gas ce irin ta gidajen Ingila, wato na'urar dafa ruwan ɗumama gida. Da safe allurar matsi tana ƙasa da bar 0.5 (bar ma'aunin matsi ne), da ta yi zafi sai ta haura 3, ruwa ya tsiyaye ta bututun waje. Ba yoyo ba ne, jan tulun da ke gefenta ne, wanda ke karɓar ƙarin ruwa idan ya yi zafi ya kumbura, iskarsa ta sace. Na kashe wuta, na zubar da ruwa har allurar ta kai sifili, magudana a buɗe. Na danna bakin tulun, irin na taya: ruwa bai fito ba, robar ciki da ke raba iska da ruwa lafiya ke nan. Na buga iska zuwa bar 1, na cika ruwa zuwa 1.2. Buɗe murfin boilar kuwa, sai mai rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas a Ingila.