Yadda za ka bambance guguwa, iskar hadari da tonado

Duk farkon damina sai na ga yara sun ɗora bidiyo a Facebook wai tonado, wato iska mai juyi da ke saukowa daga hadari, ta sauka a Samaru ko Tudun Wada, alhali iskar hadari ce ta yaye kwano, wani lokacin ma guguwar nan tamu ce ta bazara. Ni ma na taɓa yin kuskuren.

Farko dai ɗaga kai ka kalli sama, kar ka tsaya kallon ƙura, nan ne kowa ke ɓata lissafi. In tsakar rana ce, rana ta ƙwalle, sama tas ba gajimare, sai ga ƙura da ledoji suna juyi a fili, to guguwa ce kawai, ƙasa ce ta yi zafi iska ta tashi tana murɗawa, daga ƙasa take hawa kuma ba ta jimawa take mutuwa. Ita tonado 'yar hadari ce, in ba hadari, ba ita. Kuma ba kowane hadari ke haifar ta ba, galibi sai wanda cikinsa ke juyawa saboda iskar sama da ta ƙasa sun saɓa hanya da gudu. Don haka ka zuba ido a gindin hadarin inda ya fi duhu, in ka ga yana juyi, wani abu kamar mazurari na saukowa har ƙura ta tashi a ƙarƙashinsa, ita ce. Ranar da na ruɗe, wani baƙin abu na hango daga gabas ya haɗe sama da ƙasa, har na kira mutanen gida da ihu, ashe ruwa ne ke zuba daga nesa. Da na nutsu na minti ɗaya da na ga ba ya juyawa.

Na biyu, bayan an ɗauke ruwa ka zaga ka duba ɓarna. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska mai sanyi da ƙura ta riga ruwan isowa, kuma miƙe take tafiya, shi ya sa za ka ga kwano da rassan darbejiya duk sun kwanta gefe guda. Tonado kuwa watsa kaya take ta ko'ina a kan siririyar hanya. Ita a Amurka ta fi yawa, sama da 1,000 a shekara, har babbar guguwar teku kan haife ta in ta hau tudu, kuma wadda ta faɗa Bangaladesh a 1989 ta kashe kusan mutum 1,300.

Ko wacce ce dai ka shige ɗaki nesa da taga, ban yarda da fakewa a gindin bishiya ba ko kaɗan. In ka ga walƙiya ƙirga har tsawa ta zo, duk daƙiƙa 3 nisan kusan kilomita 1 ke nan tsakaninka da walƙiyar. Kwano kuma a kira kafinta ya ƙara ƙusa tun watan Maris, kuɗinsa bai kai na bandir ɗaya ba.