Kurakuran da aka fi yi da "phrasal verbs" a Turanci

Kowane Bahaushe ya san cin da ke cikin "cin amana" ba na tuwo ba ne. Turanci ma yana da irin wannan: aikatau ya haɗu da ƴar ƙaramar kalma kamar "up", "off" ko "out", sai ma'ana ta sauya gaba ɗaya. Su ne "phrasal verbs", kuma sun sha kayar da ɗalibai a WAEC da JAMB.

Babban kuskure shi ne cinta, wato ka hango ma'ana daga kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Kullum muna jin "put off the light", alhali a Turancin da ake ba maki "put off" ɗage abu ne zuwa wani lokaci. Kashe fitila "switch off" ne ko "turn off".

Wanda ya fi ba ni dariya na masu gabatarwa ne a wajen taro. Magariba ta ƙarato, sai ka ji an ce "let us round up". To, "round up" aikin ƴan sanda ne idan sun yi samame sun tattara mutane. Mai son kammala taro "round off" zai ce. Haka "pass out" suma ce, "pass away" kuwa rasuwa. Ka rubuta "my uncle passed out", maimakon ta'aziyya sai a tambaye ka ko ya farfaɗo. Amma "passing out parade" na masu bautar ƙasa daidai yake, kada ka gyara musu.

Sai wurin ajiye wakilin suna. "Pick up the book" da "pick the book up" duk sun yi, amma da zarar "it" ta shigo, tsakiya take zama: "pick it up". Wasu kuma ba su rabuwa sam: "look after them" ake cewa.

Akwai kuma cushe. "Cope up with" babu ita, "cope with" ce.

Gyaran ba haddace dogon jeri ba ne. Ka ware ƙaramin littafi, duk wadda ka ci karo da ita ka rubuta ta cikin jimlar da ka same ta, sannan ka ƙirƙiro taka jimlar. Idan kana da ƙamus na Oxford na masu koyo, lura da kibiya mai kai biyu da ake sakawa tsakanin kalmomin: ita ke nuna waɗanda ake iya rabawa.